Injin fiƙar ƙarfe yana fitar da sanda gefe ɗaya ya fi kauri

Mai tambaya, unguwar Zariya, Maradi:
Assalamu alaikum. Bara na sayo ƙaramin tsohon injin fiƙar ƙarfe daga Kano, na kafa shi a zaure bisa teburin katako, ina ƴan gyare-gyaren babur da na famfo in na taso daga aiki. Tun da hunturu ya shigo, duk sandar da na fiƙe mai tsawon milimita 200 sai in tarar ɓangaren baya, wato wanda ke nesa da bakin da ke riƙe ƙarfe, ya fi na gaba kauri da milimita 0,1. Ina shafa wa gadonsa, wato doron ƙarfen da keken da ke ɗauke da wuƙar yanka ke bi ta kai, giris duk mako. Ina matsalar take?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun kafin a zo ga awo, ka bar giris ɗin nan yau. Ƙurar hunturu da ɓarɓashin ƙarfe suna maƙalewa a cikinsa, su zama kamar dutsen wasi, duk lokacin da keken wuƙa ya bi ta kai yana cin gadon, musamman kusa da bakin da ke riƙe ƙarfe inda aiki ya fi yawa. Shekara talatin ina wannan sana'a, kuma na ga inji mai kyau da aka kashe ta haka. Ka wanke gadon da kananzir, ka goge, ka sa mai mai lamba 68, ba baƙin man da aka juye daga mota ba, sannan ka riƙa lulluɓe injin da zane.

Amsa ta biyu:
Gaskiya Baba ya faɗa, amma ina ganin kaurin daga tsinin baya yake, wato wanda ke tokare ƙarshen sanda, ya kauce nesa da wuƙa. Malam, ka sassauta shi, ka jawo shi wajenka da rabin bambancin, wato milimita 0,05, domin duk abin da tsinin ya gusa, ninki biyu yake bayyana a kaurin sanda.

Mai amsa ta farko:
Kada ya taɓa tsinin tukuna. Ka ɗaure sanda mai kaurin milimita 25 a baki kaɗai, ta fito kamar milimita 100, ka yi mata yanka marar zurfi da wuƙa mai kaifi, ka auna kai, wato ƙarshen da ya fito, da gindi. Idan sun zo daidai, to laifin tsinin ne. Idan kan ya fi kauri, gadon ne ya murɗe, kuma ni teburin katakon nake zargi, don katako yana bushewa ya karkace a wannan iska. Sai ka yanko gwangwanin lemo, ka cusa ƙarƙashin ƙafar injin da ke wajenka ta ɓangaren baya, ka sake gwadawa.

Mai tambaya:
Baba, na gwada bayan la'asar, kan ya fi kauri. Da yankan gwangwani biyu bambancin ya sauko zuwa 0,02. Na gode ƙwarai, kuma na riga na yi magana da mai walda a kan teburin ƙarfe.