Dan Allah wace dabara zan bi yarinyata ta gane harafin b? Kullum kuka muke sha

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an wuni lafiya. Shawara nake nema musamman wajen malaman nazare da iyayen da suka wuce wannan matakin. Yarinyata shekararta 4, wannan satin harafin b suke kai a makaranta, an basu aikin gida wai ta cika shafi guda da b b b, wallahi da ta ga na ɗauko fensir sai kuka, in ma ta daure ta rubuta rabi b ne rabi d. Waƙar ABC kam ta haddace ta tsaf amma in na nuna mata harafi ɗaya nace wannan fa? sai ta fara rero waƙar tun daga farko. Ina ganin bidiyon turawa a waya suna yi wa yaransu wasanni da fenti da wasu kayan da ban taɓa gani a kasuwarmu ba, in ma akwai su kuɗin ba zai bari ba. Akwai abin da zan iya yi mata da kayan cikin gida? Sannan da Hausa zan koya mata ko da Turanci, ina tsoron in ruɗa ta.

Malama Hauwa Nazare:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ki kwantar da hankalinki, juya b da d ba ciwo bane a wannan shekarun, yara da yawa suna yi har su kai wajen shekara 7. Ki duba, kofi ko kin juya hannunsa dama ko hagu kofi ne, haka yaro ya saba da duk abin da ya sani a duniya, sai a rubutu kawai ake ce masa in ka juya abu ya zama wani abu daban, dole ya ɗauki lokaci.

Ki ajiye fensir ɗin tukuna. Ki samu tire ki zuba yashi mai laushi wanda kika tankaɗe, ki baje shi, ki kama yatsanta ku rubuta b babba tare kina faɗa da baki: sanda daga sama zuwa ƙasa, sai tumbi a gaba. Kullum kalmomin nan dai, kar ki canza su. In ta ɓata sai ta girgiza tiren ya goge, babu jan biro babu faɗa, shi yasa yara basa tsoronsa. Kuma d kada ki kawo shi yanzu sam, ki barshi sai b ta zauna mata sosai, ranar da kuka zo kansa ki koya mata shi ta wata hanya daban, tumbi ake fara zagayawa sannan a hau sama a sauko da sanda. In hannu ya saba da tafiya biyu daban daban ruɗanin yana raguwa da kansa.

Wanda yarana na aji suka fi so shine na kwali. Ki yanko kwalin taliya ko na sabulu, ki zana b ƙatuwa kamar tsawon tafin hannunki biyu, ki shafa gam a kan zanen ita kuma ta barbaɗa yashi da hannunta, ku kaɗe sauran ku shanya a rana. In ya bushe zakiga harafin ya fito da kaushi, sai ta dinga bi da yatsu biyu tana cewa b, har ido a rufe. Wannan ba sabon abu bane, Maria Montessori likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantar yara a Rum a 1907 da haruffan takarda mai kaushi irin wadda kafintoci ke goge katako da ita take koya wa yara, su shafa kafin su riƙe abin rubutu. Namu yashin kyauta ne. In babu gam ki dama sitati da ɗan kauri, yana kamawa.

Sai farauta. Ki bata bokiti kice yau duk abin da sunansa ya fara da b shi zamu saka a ciki, ku zaga gida tare, buta, bargo, biredi, barkono, ta taɓa bakinta ma tace baki. Ki dinga jefo mata tarko, ki ɗaga cokali kice wannan zai shiga? ta ce a'a tana dariya. Sautin nake so ki riƙe mata ba sunan harafin ba, sunan ta riga ta samu a waƙa, kuma waƙa bata koya karatu, wanda zai haɗa ba, bi, bu gobe sauti yake bukata.

Maganar Hausa ko Turanci kuwa, a kan b babu matsala ko kaɗan don sautinsa ɗaya ne a duka biyun, haka d, m, n, s, t, l. Ki yi da Hausa, yaren da take mafarki da shi. Inda zaki yi hattara shine wasula da kuma c, mu c ɗin cokali da ciyawa muke da shi, a Turanci kuma yawanci k ko s ake karanta shi, in kun zo nan sai ki gaya mata a fili wannan na gida ne wannan na makaranta ne. Minti goma ya isa a rana, in ta gaji ku tashi.

Baban Sadiq:
Malama ta gama magana, Allah ya ƙara basira. Ni abin da zan ƙara, mu da muka yi makarantar allo ai da irin wannan aka fara mana. Babbaƙu ake fara koyo, malam ya rubuta maka haruffa manya manya a allo ka dinga bi da yatsa kana faɗa da ƙarfi, sai ka gane su sarai sannan a wuce farfaru, rubutu da hannunka kuwa sai can gaba. Kuma haruffan suna da sunaye da ke nuna kamanninsu, irin su ba guje, ta kuri, lam ara, yaro yana jin sunan yana ganin siffar. To ki raɗa wa b ɗinki suna irin haka, mai tumbi a gaba, ya isa.

Na gida kuma ni da yarana kara muke amfani da shi, a ɓare bayan karan dawa a ciro totuwar ciki mai laushi, irin yadda muke ƙera mota muna yara. Guntun kara shine sanda, ɓawon sai a lanƙwasa shi a soke baki biyun a jikin totuwar ya zama tumbi, ga b ta tsaya a hannu ana iya ɗauka a juya. Amma ke zaki ɓare da kanki don ɓawon kara yana yanka kamar reza. Gam kuma ki jiƙa ƙaro a ruwa ya kwana, wanda ake sawa a tawada, wajen masu kayan koli ake samu ba tsada.

Hadiza Maraɗi:
Sannunku da ƙoƙari. Mu nan Nijar yara da ƙaramin allo da alli suke hwara rubutu a lakkwal, a rubuta a ɗaga ma madam ta gani a goge, ba a cika damunsu da littahi da wuri ba. Ni a gida ma ko alli ban saye, ruwa nake zuba ma ɗiyata a kwano in bata tsohon soso ta rubuta harahin a kan siminti ko bangon tsakar gida, babba iya tsawon hannunta, rana ta shanye ta sake wani, tana iya yini a kai ba ta gaji ba. Lokacin damina kuma laka, ta murza ta yi tsawo ta naɗe, mu shanya a kan katanga, in sun bushe ta jera su.

Roƙona guda, kada ku manta da namu haruffan masu ƙugiya, ɓ ɗ ƙ da ƴ wanda ku a Najeriya kuke rubutawa 'y. Makarantun Turanci da na Faransanci ba su koya su, yaro ya girma yana karanta ɓera kamar bera. In b ta zauna, ki ɗauko wadda kuka yi da laka ki ƙara mata ɗan lanƙwasa a kai tana kallo, kice yanzu ta zama ta ɓera da ɓawo da ɓaure. Ku manna ɓawon gujiya a kan ɓ ta kwali, abin ya yi daidai da sunansa.

Anti Bilki:
Dan Allah duk mai yin waɗannan abubuwan ta zauna a wajen har a gama. A asibiti nake aiki, yaran da ake kawo mana da wake ko ƙwayar masara ko dutsen ado a hanci da kunne ba kaɗan bane, kuma wake in ya jiƙa a ciki kumbura yake ya ƙi fita. In akwai ƙani mai rarrafe a gidan ku bar ƙananan abubuwa gaba ɗaya, ku yi da murfin kwalba manya ko ganye ko yagaggen takarda. Barkonon da Malama ta ambata ma a nuna shi daga nesa kawai, kar ta taɓa ta murza ido. Yashin kuma a wanke a shanya kafin a bata, kada a ɗebo inda kaji da kuliyoyi ke kwana.

Abu Khalil:
Duk na ji amma ni ina da ja. Makaranta ta bada aiki, gobe za a duba, in yarinya ta je da shafi babu komai ita za a tsayar gaban aji, kuma ƙarshen zango jarabawar rubutu za su yi ba ta yashi ba. Wasa yana da kyau amma kar a sa uwa ta raina aikin malamai.

Malama Hauwa Nazare:
Abu Khalil gaskiyarka ta wani ɓangaren, ban ce a watsar da aikin ba, kuma Anti Bilki na gode da gyaran barkono. Amma cika shafi ga ɗan shekara 4 ya yi yawa, mu kanmu malamai sau da yawa iyaye ne ke matsa mana, in basu ga littafi cike ba suce ba a koyar da komai. Yatsun yaro a wannan lokacin basu yi ƙwarin da za su juri fensir na tsawon lokaci ba, murza laka, yaga takarda, tsintar tsakuwa, zura igiya a murfin kwalba, duk su ke ƙarfafa su. Ta fara da tiren yashi, in hannu ya sake sai ta rubuta layi ɗaya ko biyu masu kyau, uwar ta je da kanta ta yi wa malamar bayani cikin mutunci. Wadda ta san aikinta zata fi son b biyar daidai akan shafi guda na d.

Maman Ilham:
Nagode sosai da sosai, Allah ya saka muku da alheri ya raya mana zuri'a. Yau da yamma mun yi na bokiti, ta kawo buta da bargo sannan ta jawo hannun babanta wai shima ya shiga tunda Baba ne. Na kwali sai gobe in sitati ya huce. Malama tambaya ɗaya ta rage, babban B zan haɗa mata yanzu ko ƙaramin kawai?

Malama Hauwa Nazare:
Ai ko ta gane sautin kenan tunda ta kamo Baba da kanta, masha Allah. Ƙaramin kawai ki riƙe a yanzu don shi zata fi gani a littafi. Babban ki nuna mata shi in kun gamu da shi a jikin kwali ko allon shago, kice wannan yayan b ne mai tumbi biyu, amma kar ki sa ta rubuta shi sai sati mai zuwa. Kuma ki duba yadda malamarsu ke rubuta b a littafinta, in da ɗan wutsiya take yi kema ki yi da wutsiya, hannunku ya zama ɗaya.