Ɗalibaina ba sa shigowa darasin Zoom, dan Allah a ba ni shawara

Sabon Lakcara:
Salamu alaikum malamai. Wannan zangon aka ba ni kwas ɗin 'yan aji ɗaya in koyar ta intanet, ni kuma a gaban allo na saba. Yara sun haura 150 a rajista amma in na buɗe Zoom da ƙyar talatin ke shigowa, su ma duk sun kashe kamara sun yi tsit, ban san ko ana ganewa ba. Ga shi na kyauta ne, minti 40 na cika ya yanke, kafin a sake haɗuwa rabi sun watse. Wallahi abin na damuna.

Malama Tsohuwar Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni ma haka na fara lokacin korona, lakcar awa biyu na ɗauko ɗungurungum na zuba musu a waya, ai ba ta yiwuwa. Yanzu kacaccala darasin nake, kowane guntu minti bakwai zuwa goma, abu ɗaya tal a ciki, in naɗi murya in tura tare da takardar shafi biyu, a ƙarshe in aje tambaya guda wadda sai wanda ya saurara zai iya amsawa. Haɗuwar kai tsaye sau ɗaya a sati, ita ma ba sabon karatu, tambayoyinsu kawai, kuma ina kiran suna, wance me kika fahimta? Sannan ka dinga ba da amsa da wuri, yaron da ya yi tambaya aka kwana huɗu ba a kula shi ba ya tafi kenan.

Ɗalibi daga ƙauye:
Allah gafarta malam ba raini ba ne wlh. Ni sai na fita bakin titi nake samun sabis, waya kuma tana shagon caji rabin yini in babu wuta, bidiyon awa ɗaya kuwa cinye min datar sati yake. Muryar da aka turo WhatsApp ko Telegram ina sauke ta da dare in saurara sau uku ko a gona ne. Kuma dan Allah a bar ɗaukar hoton littafi ana turowa, ba ya karantuwa.

Abu Hanifa:
Ka leƙa littattafan NOUN, wato jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya, a shafinsu, kyauta ne. Tun 2002 da aka farfaɗo da ita karatun nesa take yi, kuma kowane kwas a yanyanke yake ƙanana, da tambayoyin gwada kai a ciki. A can aikin cikin zango maki 30 ne, jarrabawa 70. Ka ɗora maki a kan 'yar tambayar sati-sati ka ga yadda za su fito.

Sabon Lakcara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗalibi, ka tuna min abin da ban taɓa tambayarsu ba, gobe zan fara jin wa ke da babbar waya, wa ke aro. Malama, su 150 ɗin guruf ɗaya kike zuba su ko rarrabawa kike?