Bishiyar bayan gidanmu ta ƙi yin ganye, mu sare ta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bara muka sayi gida a Bamingham ta ƙasar Ingila, muka tarar da wata ƙatuwar bishiya a baya, maƙwabcinmu ya ce ash ake kiranta. Ga Afrilu ta kusa ƙarewa, bishiyoyin layinmu sun yi kore shar, ita ko tana nan ƙayau, sai wani baƙin toho a bakin rassa kamar an ɗiga gawayi. Maigida ya ce ta mutu, a kira mai zarto tun ba ta faɗo wa ɗakin ajiya ba. Ni kuwa inuwar nake kwaɗayi. Yaya zan yi?

Wani dattijo daga Lids: Wa alaikumus salam 'yata. Ki ba maigida haƙuri. Halinta ke nan, sai Mayu take fitar da ganye, kuma da wuri take zubarwa. Baƙin tohon nan alamar rai ne. Ai ko gawo, wanda bai san shi ba ya gan shi tsirara tsakiyar damina sai ya rantse ya bushe.

Wata 'yar'uwa daga Landan: Gaskiyar Baba ce, amma kada ki saki jiki. Akwai cutar fangas da ke cin ash a ƙasar nan, tun 2012 aka tabbatar da ita a Ingila, ta kashe bishiyoyi ba adadi. A Afrilu ba za ki gane ba, sai Yuli ko Agusta. Lokacin ki tsaya nesa ki ɗaga kai: in rassan sama sun zauna babu ganye, ko ganye ya yi baƙi ya yanƙwane yana reto, to da magana. Ki duba ɓawon inda reshe ya haɗu da jiki, cutar kan bar tabo mai duhu, mai tsini sama da ƙasa. Tamu haka ta fara. Abin da na koya a makare shi ne, a karan ganyen da ya zuba take kwana har shekara ta zagayo, don haka da kaka ki share shi tas, kada ki bar shi a gindinta.

Mai tambaya: Yaya, kin tuna min. Da muka zo ganin gidan a Agusta, akwai reshe biyu can ƙololuwa da ba su da ganye.

Wata 'yar'uwa daga Landan: Reshe biyu ba hukuncin kisa ba ne, wasu sukan jure ta shekaru. Ki ɗau hoto bana ki gwada da na baɗi.

Wani ɗan'uwa daga Manchesta: Hajiya, kafin zarto ya taɓa ta ku tambayi ƙaramar hukuma ko akwai dokar kariya a kanta, don tarar ba ta wasa ba ce. Kuma don Allah kada maigida ya hau da kansa. Ash mai cuta itacenta gautsi gare shi, reshe kan karye ba sallama. A nemi ƙwararre mai inshora ya duba reshen da ke kan ɗakin ajiyar.