Wai Turawa ne suka koya mana fifita namiji a kan mace?

Malam Habu: Jiya a aji nan Gombe wata ɗaliba ta ce Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wa Afirka fifita namiji. Hujjarta littafin wata masaniya 'yar Najeriya, Oyeronke Oyewumi. Ni kam ban gamsu ba.

Malama Rabi: Malam, ɗalibar ta faɗaɗa maganar. Littafin Oyewumi na 1997 a kan Yarbawan Oyo yake. Ta nuna cewa kalmomin Yarbanci egbon da aburo babba da ƙarami kawai suke nufi a tsakanin 'yan'uwa, ba ruwansu da mace ko namiji, kuma shekaru ne ke ba mutum girma.

Malam Habu: To mu fa? Muna da wa da ya, ƙane da ƙanwa, shi da ita. Har tukunya mace ce a Hausa. Bature bai koya mana wannan ba.

Zainab: Malam na da gaskiya a nan. Wata masaniya, Bibi Bakare-Yusuf, ma ta ƙalubalanci Oyewumi, cewa rashin jinsi a harshe bai isa shaidar ba a danne mata ba.

Malama Rabi: Na yarda, 'yata. Amma tambayar da matan nan suka ɗago ta fi ƙarfin nahawu: wa ke yanke abin da za a kira ilimi? Masaniya Ifi Amadiume ta nuna a littafinta na 1987 yadda mulkin mallaka da mishan suka rage ikon mata a Nnobi, ƙasar Ibo. Mu dubi gida. Nana Asma'u ta rasu 1864, kusan shekara 40 kafin yaƙin Burmi da Turawa na 1903. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajinta, wato malamai mata na ƙungiyar 'Yan Taru, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Da boko ya zo, sai ma'aunin ya sauya. Kakata a Dukku tana karanta ajami tiryan-tiryan, amma ranar da muka cika mata wata takarda, gurbin waɗanda ba su iya karatu ba aka sa ta. Har yau abin yana min ciwo.

Malam Habu: Allah ya jiƙanta. Wannan na karɓa. Amma hana 'ya mace makaranta a ƙauyukanmu yau, kada mu rataya wa Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka.

Zainab: Ba wanda ya rataya masa, Malam. Ni tambayata, a darussan da kuke koya mana, mata nawa muke karantawa?

Malam Habu: A nawa darasin, babu ko ɗaya. Malama, ki ara min na Amadiume ranar Litinin.