Hoton kakana cikin kayan soja: ina anka ɗauke shi?

Jikar Soja, Tahoua

Assalamu alaikum jama'a. Ina biɗar taimakon waɗanda sunka san tarihin soja na zamanin Nasara.

Bayan sadakar arba'in ta kakarmu munka buɗe akwatinta na ƙarhe don a raba tufafi. Can ƙasa, naɗe cikin tsohon kallabi, na iske hoto guda, girmanshi bai wuce tahin hannu ba, manne ga kwali. Sojoji biyar ne, ukku tsaye, biyu durƙushe. Na tsakiya cikin na tsaye shi ne kakana, mahaihin babana. Ban ishe shi da rai ba, amma askar gidanmu ta hito sarai ga kumatunshi, kuma goshin nan nashi babana ya ɗauko.

Ga abin da idona ya gani. Dukansu da dara bisa kai. Huɗu suna sanye da doguwar riga mai kauri har gwiwa, maɓallai layi biyu, kuma sun naɗe ƙahwahunsu da ƙyalle tun daga idon sawu. Ba wanda ya riƙe bindiga. Bayansu akwai gini mai tsawo da zankwaye masu tsini, irin ginin ƙasa namu, kuma gehen hagu akwai wani abu da ya yi kama da suri. Can baya itatuwa ne dogaye, ƙasansu ba reshe, kansu ya buɗe kamar laima.

Abin da anka sani cikin gida kaɗan ne. An ɗauke shi soja kamin yaƙin Hitila, lokacin da kwamandan ke aiko ma sarki a ba da samari. Ya daɗe bai ga gida ba har anka hidda rai, sai bayan yaƙi ya dawo ya auri kakarmu. Takardunshi sun lalace shekarar da ruwa ya kada ɗakinshi.

Ƙanen babana ya rantse hoton bai wuce ƙasar Mali ba, shina cewa ina Nasara za su samu suri da ginin ƙasa. Ni kuwa rigar nan ta hana ni yarda. Wa za shi sa wagga riga ga zahin Bamako? So nike a ƙara ma hoton girma in rataye cikin ɗaki, in rubuta sunan wurin ƙasanshi don ɗiyana, kuma ba ni son in rubuta abin da ba shi ne ba.

Ɗan Birni, Damagaram

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabata. Ni dai ina bayan baffanki. Barikin Kati da ke kusa da Bamako babba ne tun zamanin Faransawa, kuma sojojin ƙasashenmu da yawa sun bi ta can kafin su kai Dakar su hau jirgin ruwa. Riga kuwa, ai ana iya raba wa soja kayan sanyi tun bai tashi ba, ya sa don a ɗauke shi hoto ya aika gida. Mece ce a bayan hoton? Masu ɗaukar hoto na da sukan buga hatiminsu.

Tsohon Malamin Lakwal, Yamai

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika duba da kyau. Surin nan da ya ruɗi baffanki, ni shi ya sa na gyara zama.

Mu fara da wace rundunar. Dara kaɗai ba ta raba gardama, domin sojojin Ingila na Nijeriya ma suna sa jar dara ranar fareti, kuma mutanen Adar da Ƙonni ba su rasa waɗanda suka tsallaka iyaka suka shiga sojan Ingilishi har aka kai su ƙasar Bama, can nahiyar Asiya. To amma doguwar riga mai maɓallai layi biyu da naɗin ƙafa, wannan shigar Faransa ce. Ki sa gilashi ki dubi wuyan rigar. In kin ga ƙugiyar da ake tsayar da jirgin ruwa da ita, to alamar sojojin mulkin mallaka na Faransa ce. Su ne ake kira tirailleurs sénégalais. Kada sunan ya ɓatar da ke: an kafa rundunar a Senegal a 1857 zamanin Gwamna Faidherbe, shi ya sa sunan ya bi kowa, Bahaushe da Bazabarme da Bambara da Mosi duk Senegal ake ce musu. Tun 1919 aka mai da ɗaukar soja ta zama tilas ko ba a yaƙi, shekara uku, kuma wannan ya yi daidai da labarin gidanku.

Yanzu wurin. A kudancin Faransa, bakin tekun Bahar Rum, tsakanin Toulon da Nice, akwai wani gari Fréjus. Tun yaƙin duniya na farko Faransawa suka lura sanyin arewa yana kashe sojojin Afirka da ciwon haƙarƙari, sai suka riƙa janye su daga fagen daga in hunturu ya shigo, su tara su a barikokin Fréjus da Saint-Raphaël har sanyi ya wuce. A ɗaya daga cikin barikokin, wanda ake kira Caïs, an gina masallaci tsakanin 1928 da 1930, aka kwaikwayi siffar babban masallacin Djenné na Mali. Sunansa Missiri, wato masallaci da harshen Bambara. Da siminti aka yi shi, aka shafe shi da launin jar ƙasa, don haka a hoto maras launi ba za ki bambanta shi da ginin laka ba. Kuma ba a tsaya nan ba: an yi bukkoki kewaye da shi, har da surin gara na ƙirar hannu, wai don sojan da ya baro gida ya ji kamar yana gida. Abin yana taɓa mini zuciya duk lokacin da na tuna. An raba yaro da gonar ubansa, sannan aka gina masa suri.

Itatuwan da kika kwatanta su ne suka ƙara mini ƙarfi. Faransawa suna ce musu pin parasol, sun cika wannan gaɓar teku, kuma ba sa fitowa a Kati. Ɗan Birni yana da gaskiya cewa ana iya raba riga tun a hanya, amma ba a ɗauko itace a kawo.

Shekara kuwa, ginin ya ba mu iyaka ta farko: hoton bai riga 1930 ba. Tufafin suna ba mu ta biyu. Ƙasashenmu sun zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai bin Jamus da ta kafu bayan Jamus ta ci Faransa a 1940, har Nuwamba 1942. Sojojin da aka kai Arewacin Afirka bayan nan, waɗanda suka sauka gaɓar Provence, wato wannan yankin na kudancin Faransa, daga 15 ga Agusta 1944 suka ƙwato Toulon, Amurka ce ta tufatar da su, shigarsu daban take. Shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da cewa hoton nan bai wuce farkon 1940 ba.

Ba'adare a Lyon

Malam, Allah ya ƙara sani. Amma ku bar ni in saka baki, don gini mai zankwaye a Faransa ba ɗaya ba ne. Nan kusa da mu akwai ƙauyen Chasselay, inda sojojin Jamus suka yi wa sojojin Afirka kisan gilla a watan Yuni 1940 bayan sun ajiye makami. An kewaye maƙabartarsu da jar ganuwa mai tsini irin ta ƙasashenmu, ana ce mata Tata, an buɗe ta a Nuwamba 1942. Na je na yi musu addu'a, kuma sojoji sun sha tsayawa a ƙofarta ana ɗaukarsu hoto.

Ƙanwata, ga yadda za ki raba su. Ganuwar Chasselay gajera ce, a fili take tsakanin gonaki. In ginin da ke hotonki ya ninka tsawon mutum sau da yawa, to na Malam ne.

Sai roƙo biyu. Kada ki ɓamɓare hoton daga kwalin, takardar da ta kai shekara tamanin tana yagewa da rubutun da ke bayanta. Kada kuma ki yarda a like shi cikin leda da injin zafi, daga nan ba gyara. A kwafe shi da kwamfuta, kwafin za a ƙara wa girma.

Takardu kuma ba su ƙare da faɗuwar ɗaki ba. Ma'ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau na Faransa tana riƙe da bayanan waɗanda aka ɗauka daga ƙasashen mulkin mallaka, kuma takardar aikin soja tana jera ranar da ya hau jirgi, tashar da ya sauka, da kowace runduna da ya zauna. Na fursunonin yaƙi suna wata ma'ajiyar a garin Caen. Abin da zai wahalar da ke shi ne suna, don magatakarda yakan rubuta yadda kunnensa ya ji, ya haɗa da sunan uba ko na ƙauye. Ki tara sunansa, na mahaifinsa, ƙauyen da aka haife shi da kimanin shekarar da aka ɗauke shi. In ya taɓa karɓar fansho, ki fara da ofishin tsofaffin sojoji na Yamai, wataƙila lambarsa tana can.

Jikar Soja, Tahoua

Baba Malam, Yaya, Ɗan Birni, Allah shi saka da alheri. Na ari gilashin mai gyaran agogo, kuma ƙugiyar tana nan ga wuyan rigar mutum biyu. Ginin ya hi su tsawo nesa ba kusa ba, kan hasumiyar ma bai shiga hoton ba. Ban taɓa kwalin ba, saboda haka ban ga bayan ba.

Jiya da marece na tahi wurin gwaggona, babbar ɗiyarshi, idonta ya yi rauni ba ta ganin hoto. Ban gaya mata komi ba daga abin da kunka rubuta. Na tambaye ta kawai ko ya taɓa zancen masallaci can inda ya tahi. Ta yi shiru, sannan ta ce i, ya ce akwai wani masallaci ja, tsakiyarshi buɗe take ba ruhi, kuma in ka ƙwanƙwasa bangon sai ka ji ba ƙasa ba ce. Na riƙe hannunta na yi ta kuka.

Ta ƙara da abin da ban taɓa ji ba. Ta ce ya yi shekaru hannun Jamus shina saran itace cikin daji, kuma ɗaya daga cikin abokanshi, wani mutumin wajen Keita, can ya rasu, kakana ne ya kawo ma uwarshi labari. Ko shina cikin huɗun nan? Wanda ke durƙushe hannun dama shina da aska irin ta wajenmu.

Tsohon Malamin Lakwal, Yamai

Allahu akbar. Tsakiyar Missiri fili ce a buɗe, kamar yadda gwaggonki ta faɗa, ɗiyata. Maganar daji ma ta zauna: bayan faɗuwar Faransa a Yuni 1940, Jamusawa sun tsare mafi yawan fursunoni baƙar fata a cikin Faransa kanta, a sansanonin da ake kira Frontstalag, suna sa su aikin gona da saran itace har 1944. Don haka ki rubuta wa Caen tare da Pau. Ki rubuta Fréjus a ƙasan hoton, ki bar gurbin shekara sai takarda ta zo. Ki koma wurin gwaggo tun gobe da wayarki ki naɗi muryarta, ki tambaye ta sunan ƙauyen mutumin Keita.