Wai banda matar jikin naira ashirin, ba mu da wasu ne?

Ummi Kubwa:
Salam jama'a, tambaya gare ni. In ana hirar zane-zane sai ka ji Mona Lisa, ko Tutu ta Ben Enwonwu da aka sayar a Landan a 2018 sama da fam miliyan ɗaya, duk mace ce a hoton amma mai zanen namiji. To mu namu zama ne kawai a zana mu? Ni dai Ladi Kwali kaɗai na sani, ita ma albarkacin naira ashirin.

Malam Sani Wuse:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ladin nan kada ki raina ta fa. Bagwariya ce 'yar Kwali, wajen gwaggonta ta koyi ginin tukunya, da hannu take ɗora yumɓu har randa ta tashi sannan ta bi jikinta da zanen kunama, kifi, ƙadangare, kada. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya tara tukwanenta kafin Baturen nan Michael Cardew ya gan su, don haka masu cewa shi ya gano ta su gyara zance. A 1954 ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu kenan, ita ce mace ta farko, 1977 ABU ta ba ta digirin girmamawa.

Maman Khalifa Jos:
Ummi ki zo gidan tarihi na Jos kusa da gidan zu ki ga tukwane jingim, yawanci aikin mata ne amma sunan ƙabila ko gari za ki ji, maginiyar kuwa oho. Kakata faifai take saƙawa mai launi huɗu, har ta rasu ba wanda ya ce mata gwana, sai dai a ce sana'ar tsofaffi.

Ɗan Nyanya:
Haba Hajiya, ai a da ko maza ba a rubuta sunansu, ba wariya ba ce.

Maman Khalifa Jos:
Ɗana, Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya har gobe ana kiran sunansa. Faɗa min sunan mace ɗaya mai ginin randa a zamaninsa in kana da shi.

Malam Sani Wuse:
Ta kama ka kam. Ummi in kin samu sarari ki leƙa galarin Nike Davies-Okundaye a hanyar filin jirgin Abuja, gwanar adire ce, kuma tana raye.