Yarona zai shiga aji ɗaya a sakandaren kwana a Jos, me zan shirya masa?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Shekararsa 11, a Satumba za mu kai shi daga Abuja. Makaranta ta ba da jerin kaya, amma me ke wahalar da yara a zangon farko wanda ba a rubutawa a takarda?

Malam na Gangare:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Sanyi tukuna. Jos kan tudu take, wajen mita 1,200 sama da teku, ba kamar Abuja ba. A Satumba ruwa bai ɗauke ba, zuwa ƙarshen Nuwamba hunturu ya kankama, ga wankan asuba da ruwan sanyi. Ki saya masa bargo mai kauri, rigar sanyi 2 a launin da makaranta ta yarda, da babbar kwalbar basilin saboda faso da tsagewar leɓe. Akwai gwanjo mai kyau a kasuwar Katako. Safa da kamfai ki ninka abin da aka rubuta, don shanya ba ta bushewa da damina. Yaro sai ya sa su da danshi, daga nan ƙaiƙayin matsematsi ke farawa.

Anti Bukur:
Ɓatan kaya ya fi sanyi sa su kuka. Ki ɗinka sunansa da zare a kowane yunifom, na biro wanki biyu ya goge. Bokiti da kwano kuma da fenti. Makullin akwati uku: ɗaya a zare a wuyansa, ɗaya wurin malamin da ke kula da ɗakin kwanansu, ɗaya a hannunki. Garin kwaki, sukari da ƙuli-ƙuli a ƙulla su ƙananan ledoji, in siniya ya karɓa ba duka za su tafi ba. Tun yanzu ki bar shi yana wanke kayansa da kansa. In yana fitsarin kwance, ki faɗa wa metiron, matar da ke kula da ɗalibai a makarantar, a keɓe, a rufe katifar da leda.

Tsohon Malami:
Hajiya, kada a manta da karatun. A firamare malami ɗaya ke riƙe da su. Nan kowane darasi da malaminsa, minti 40 ya goge allo ya fita. Mai nawar rubutu sai a bar shi da giɓi a littafi, gwaji ya zo ba abin karantawa. Ki koya masa ya ari littafin abokinsa ya cike a firef ɗin ranar, wato lokacin da ɗalibai ke bitar karatu da kansu bayan an tashi daga aji. Ranar ziyara ki buɗe littattafan kafin ki buɗe kular abinci.

Anti Bukur:
Malam, a dai bar yaro ya ci shinkafarsa tukuna.